Maigari ya ƙi gudu

A dogon hutun bara na samu gurbin bincike a wani ɗakin gwaje-gwaje a Amurka, inda ake nazarin yadda yawan aiki ke lalata jijiyoyin da ke haɗa tsoka da ƙashi, irin su agara. Hajiya na jin haka ta sanar da dangi kaf cewa ɗanta ya tafi aikin likita.

Aikin kuwa, sa ɓeraye gudu ne. Akwai ɗan injin tsere da aka karkata shi gangare, ɓera ya yi ta gudun mita 17 a minti, awa guda cur, kwana 5 a mako, har jijiyar kafaɗarsa ta fara lalacewa. Duk sun rungumi ƙaddara ban da wani ƙato da na raɗa wa suna Maigari. Da injin ya tashi sai ya zauna daram, bel ya kwashe shi zuwa ƙarshe, ya jingina da bango yana kallona. Na zungure shi da buroshi, na tafa, har da Hausa na lallashe shi: "Haba ranka ya daɗe, ko minti biyar." Ko gezau.

Da rana kuma in duƙufa da hantsaki ina zare jijiyoyi daga wutsiyar ɓera, sirara kamar zaren ɗinki. Abin ba ya son bushewa, sai ana ɗiga masa ruwan gishiri, ga santsin tsiya. Ka maƙala shi a injin da ke jan sa don auna ƙarfinsa, layi na hawa a kwamfuta, zuciyarka fari ƙal, sai ya suɓuce fit. Ashe duk dabarar manyan masana ta riƙe shi ba ta wuce sanfefa da Super Glue ba.

Kafin hutu ya ƙare gindin babban yatsana na dama ya kumbura, ko cokali ya gagare ni. Na nuna wa shugabar ɗakin ina jiran jaje. Ta sa na dunƙule yatsan cikin tafi, ta lanƙwasa min wuyan hannu, na kurma ihu. Sai fuskarta ta washe.

"De Quervain ne!" in ji ta, wato ciwon jijiyar babban yatsa da yawan aiki kan jawo, ta kira sauran ɗalibai su zo su gani. A kaina aka yi darasin cewa jijiya ba ta samun jini kamar tsoka, shi ya sa warkewarta sai a hankali.

Aka ɗaure min hannu. Shi kuwa Maigari aka cire shi daga binciken saboda rashin haɗin kai, aka bar shi a keji, daga ci sai barci. Ni ne ma aka ɗora wa kai masa abinci, da hannun hagu.