Sirrin ƙasa ne, ko na ɓarawo?

Mu 'yan Zamfara ba sai an yi mana lacca kan amfanin sirrin tsaro ba. Mun ga abin da infoma ke jawowa. Sojoji su tashi da asuba za su shiga dajin Ɗansadau, kafin su isa an riga an buga waya, 'yan bindiga sun yi musu kwanton ɓauna. Wanda ya yi wannan a hukunta shi, ba ni da ja. Shi ya sa da aka katse layukan waya a watan Satumbar 2021 mutane da yawa suka haɗiye wahalar, wasu har Funtuwa suke zuwa don su kira 'yan uwansu.

Amma akwai wani sirrin da bai kare ran kowa, sai dai ya rufa wa wani babba asiri. Kuma abin da na lura da shi, gwamnatoci sun fi zafi a kan irin wannan.

Ku dubi Amurka, wadda ke yi wa duniya wa'azin 'yanci. A 2013 Edward Snowden ya fallasa yadda hukumar leƙen asirin ƙasar, NSA, ke tattara bayanan kiran wayar miliyoyin Amurkawa a ɓoye. Daga baya wata kotun ɗaukaka ƙara a can ta ce shirin ya saɓa doka, amma shi har yau yana Rasha, in ya koma gida kamu ke jiransa. Dokar leƙen asiri ta 1917 da ake tuhumarsa da ita ba ta ba mutum damar ya ce wa kotu don amfanin jama'a ya yi ba. Chelsea Manning, ƙaramin soja, saboda fallasa takardun sirrin gwamnati ɗaurin shekara 35 aka yanke, sai a 2017 Obama ya sassauta. To ga Janar David Petraeus, tsohon shugaban CIA, wanda ya miƙa littattafansa masu ɗauke da bayanan sirri ga matar da ke rubuta tarihinsa, wadda kuma suke soyayya. A 2015 tarar dala 100,000 aka ci shi, aka sa masa ido na shekara biyu, ko kwana ɗaya bai yi a gidan yari ba. Ashe ba girman sirrin ake aunawa ba, girman mai fitar da shi ne da kuma wanda aka kunyata.

Mu dawo gida. A Disambar 2014 kotun soja ta yanke wa sojoji 54 hukuncin kisa saboda sun ƙi fita yaƙi da Boko Haram, suna kukan ba su da makamai. Shekara guda bayan haka aka kama Sambo Dasuki, tsohon mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, bisa zargin karkatar da dala biliyan 2.1 na sayen makamai. Sojojin kuwa rage musu aka yi zuwa ɗaurin shekara 10. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

An yi ta murna da ma'aikatar kuɗi ta fito da tsarin kwarmata bayanai a Disambar 2016, aka ce mai tona asiri zai samu kashi 2.5 zuwa 5 cikin ɗari na abin da aka ƙwato. A Afrilun 2017 ma EFCC ta gano sama da dala miliyan 43 a wani gida a Ikoyi. Sai dai tsari ne kawai, ba doka ba. Ya yi maganar lada, bai ba da kariyar da za ka riƙe ka je kotu da ita ba. Ita kuwa dokar sirrin gwamnati ta 1962 tana nan daram, da ɗaurin da ya kai shekara 14. Gaskiya ne sashe na 27 na dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ya kare ma'aikacin da ya fallasa almundahana, amma ma'aikata nawa suka san da shi?

Kuma a nan wurinmu ba a ma kaiwa ga kotu. Ƙaramin akawu ya ga baucar man motocin sintiri, alhali ya san motocin sun yi wata uku a kan duwatsu babu tayoyi. Fayil ɗin na da jan hatimi a goshinsa. In ya ɗauki hoto ya tura wa ɗan jarida, washegari takardar tuhuma na kan teburinsa, sai canjin wurin aiki zuwa ƙauyen da hanyarsa ba ta biyuwa, sai albashi ya maƙale "ana tantancewa". Kawunsa ya kira shi ya ce, "Ɗana, kai kaɗai ne mai gaskiya? Ka ci abincinka ka yi shiru, kana da iyali." Mafi muni, a jiha irin tamu ana iya laƙaba masa sunan infoma, kuma kowa ya san abin da hakan ke jawowa. Kuɗin tsaro na gwamnoni kuwa, da ba mai bin diddiginsu, wa zai ma kusance su?

Abin da nake so shi ne doka da za ta raba wanda ya sayar da motsin sojoji da wanda ya tona satar kuɗin sojoji, ta ɓoye sunan na biyun, ta hukunta shugaban da ya yi masa bi-ta-da-ƙulli. An sha kai ƙudirin majalisa yana mutuwa a hanya. Zamfara na da sanatoci uku da 'yan majalisar wakilai bakwai. In sun zo gida Sallah rabon shinkafa, a tambaye su ina aka kwana.