Rediyon mota ɗaya, masu wayarin uku, ba wanda ya ɗauko mita

Wata huɗu na yi ina fama da rediyon motata, kuma har yanzu da nake wannan rubutu raina bai huce ba. Kuɗin da na kashe ya yi mini ciwo, amma abin da ya fi ƙona mini rai shi ne mutum uku na kai wa motar nan, kowannensu da allon da ya rubuta cewa shi ƙwararren mai wayarin ne, kuma a cikinsu babu wanda ya taɓa ɗora mitar gwada wuta a kan waya ko da sau ɗaya. Da ka suke aiki, ni kuma aljihuna ke biya.

Motar Corolla ce ta 2005, 'yar Kwatano. Rediyon da ta zo da shi ya gaji, sai na sayi sabo a Ƙofar Ruwa, mai cin filash da Bluetooth, na kai wani gareji aka saka mini. Tun a ranar matsala ta fara. In na murɗa makulli rabi, rediyo zai kama tsaf. Da na ƙarasa murɗawa kik ya ja, sai ya ɗauke ɗif. In ya dawo kuma ya manta komai: tashoshin da na jera sun goge, agogo ya koma 12:00, sai shuuu kawai a sifika. Wani lokacin ma ba zai dawo ba sai na daki gefen dashbod da tafin hannu. Wanda bai san halin da muke ciki ba zai ce ai ƙaramin abu ne. To tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, wa ke barin inji na aiki a cunkoso? A danja mai daɗewa kashewa nake, a layin gidan mai kashewa nake, in na tsaya ɗaukar yara a makaranta kashewa nake. A yini sai in tayar da mota sau goma sha. Sau goma sha ke nan ina laluben tashar 99.5 da hannu ɗaya, ɗaya hannun a sitiyari, ɗan adaidaita na danna mini ham a baya, labarin da nake saurare ya wuce.

Na koma wurin wanda ya saka. Ko tashi bai yi daga kan bencinsa ba. Ya ce, "Alhaji, ai haka waɗannan rediyoyin suke, 'yan Chana ne." Na ce to me ya sa ba ka faɗa mini ba ranar da kake karɓar kuɗin aiki? Ya juya ya ci gaba da hira da yaransa kamar ba da shi nake ba.

Na biyu ya fi shi iya baki. Ya buɗe bonet, ya leƙa, ya ce in tayar. Na tayar. Ya girgiza kai ya ce, "Yallaɓai, batirinka ya tafi." Ban ga ya gwada komai ba, sauraron ƙarar kik kawai ya yi. Kuma nan take ya san shagon da za a samo mai kyau, har yaronsa ya riga ya hau babur. Na sayi sabon batir mai am 75, suka karɓe tsohon a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba. Kafin in fita daga layin garejin, mota ta mutu mini a kan wani tudun kwalbati, na sake tayarwa, rediyo ya ɗauke, tashoshi suka goge, daidai yadda yake yi da tsohon batir. Na juyo na nuna masa. Ya ce sai batirin ya "zauna". Batir ne ko tuwo da za a jira ya zauna? Wannan wace irin magana ce za a gaya wa magidanci da ya ciro kuɗin cefanen gidansa ya miƙa?

Na uku shi ne ya yi mini gyaran gangar Auzinawa. Ya zaro rediyon, ya yanka nan ya murɗe can, ya naɗe da salatif, cikin minti goma ya ce an gama. Gaskiya tashoshi sun daina gogewa, har na yi masa godiya na ƙara masa na shayi. Ashe abin da ya yi shi ne ya haɗe biyu daga cikin wayoyin wutar rediyon wuri ɗaya ya ja su kai tsaye daga batir. Rediyo ya daina sanin an zare makulli. Fitilar fuskarsa na nan a kunne dare da rana, yana tsotsar wuta a hankali. Na yi tafiyar kwana huɗu na bar motar a gida, na dawo, ranar Litinin da safe yara sun shirya da jakunkunansu, na murɗa makulli, sai ƙas-ƙas-ƙas. Sabon batir, ko wata biyu bai yi ba, ya kwanta. Da maƙwabta muka tura motar har bakin titi, yarana suka makara, aka tsare su a ƙofar makaranta. An gudu daga gara an faɗa gidan zago.

Wani abokin aikina ne ya kwatanta mini wani dattijo da ke aiki a ƙarƙashin bishiyar darbejiya, ba shago ba allo. Na zayyana masa komai. Bai ce uffan ba sai da ya ɗauko wata tsohuwar mita mai fasasshen gilashi daga cikin akwatinsa. Ya sa aka yi wa batirin caji tukuna, sannan ya ɗora mitar: ƙarfin wuta bolt 12.6. Ya ce in ja kik yana kallo, ta sauka zuwa goma da 'yan kai ta dawo. Inji na aiki ta nuna sha huɗu da ɗigo. Ya ce, "Ɗana, batir lafiya, altaneta mai yi masa caji lafiya. In da ya faɗi ƙasa da 9.6 lokacin da kik ke ja, shi ne za mu zargi batir. Wanda suka karɓe maka ma, wa ya gwada shi?" Na ce, "Baba, babu." Ya yi shiru.

Da ya zaro rediyon ya kira ni in gani da idona, kuma wallahi sai da jikina ya yi sanyi. Soket ɗin da kamfani ya yi wa motar an datse shi an yar, alhali akwai ɗan abin haɗi da ake sayarwa wanda ke shiga cikinsa ba sai an yanka komai ba. Wayoyi a murɗe da hannu, salatif ya narke da zafin Kano ya zama danƙo, tagulla a waje tana kusa da taɓa ƙarfe. Wayar da na ukun ya jawo daga batir ko fis babu a kanta. Waya ce tsirara ta ratsa ta ramin ƙarfe zuwa cikin mota, in ta goge ta taɓa jiki, babu abin da zai yanke wutar sai dai ta yi ja ta kama. A motar da nake ɗaukar 'ya'yana! A akwatin fis kuma ya nuna mini wani da ya ƙone tun tuni aka naɗe ƙafafunsa da zaren waya aka mayar.

Ya yi mini bayanin da ya kamata a ce na farkon ya sani tun yana yaron gareji. Irin wannan rediyon wayoyin wutarsa uku ne. Rawaya tana son wuta kullum daga batir, ita ke riƙe masa tashoshi da agogo. Ja tana samun wuta ne in an murɗa makulli, ita ke gaya masa ya tashi ko ya kwanta. Baƙa kuma ana ɗaure ta a jikin ƙarfen mota, wuri mai tsabta. Na farkon ya ɗauki rawaya da ja ya liƙa su duka a wayar soket ɗin da muke cajin waya, wadda ke mutuwa duk lokacin da aka kashe mota ko kik ke ja. Baƙar kuma ya maƙala ta a wani sukurun da ya yi tsatsa yana rawa, shi ya sa sai na daki dashbod take kamawa. Baba ya ƙara da cewa ɗaukewar daƙiƙa biyu lokacin tayarwa ba cuta ba ce, da gangan aka yi makullin haka don a bar wa kik wuta, tunda shi kaɗai yana jan am fiye da ɗari. Abin da ba daidai ba shi ne rediyo ya dawo ya manta kansa.

Ya raba wayoyin, ya mayar da kowacce gidanta, ya sa wa rawayar fis mai am 10, ya kankare ƙarfe har ya yi fari ya ɗaure baƙar, ya wanke kan batir da ya fara yin farin gari, ya canza fis ɗin da aka naɗe. Bai kai awa ɗaya ba. Abin da ya karɓa bai kai kashi ɗaya cikin goma na kuɗin batirin da aka sa ni saya ba gaira ba dalili.

Abin da nake tambaya shi ne, wa ke yaye waɗannan mutane? Yaro ya yi shekara biyu yana miƙa wa ogansa sukundireba, bai san bambancin rawaya da ja ba, gobe ya kafa allo ya fara yanka wayoyin motocin jama'a. Mitar nan kuɗinta bai kai na buhun siminti ba. In ba ka da ita, ko kana da ita ba ka iya karanta ta ba, me ya sa ba za ka ce "ban gano ba, kai wa wane" ba? Kuma in sun ɓata, ba inda za ka kai ƙara. Ba rasit, ba garanti, sai "ka yi haƙuri, Alhaji". Haƙurin me? Na batirina mai lafiya da aka karɓe a banza aka sayar wa wani, ko na wayar da ta kusa ƙona mini mota?

Na koma wurin na biyun da maganar tsohon batirina. Ya ce an riga an kai shi, kuma shi bai tuna ya ce mini lallai batir ne ba. Yaronsa da ya hau babur ya sayo yana tsaye a gefe, ya sunkuyar da kai yana goge hannu da tsumma.