Jaruman da Kowane Matashi Ya Sani, da Tambayoyin da Ya Kamata Ya Yi a Kansu

Assalamu alaikum, ƙannena samari da 'yan mata.

Idan aka tara matasa 'yan shekara 13 zuwa 19 a Kano ko Yamai, ko a Alƙahira da Landan da Mumbai, aka ɗaga musu jar fuska mai zanen saƙar gizo-gizo da manyan fararen idanu, ko baƙin jemage da ya buɗe fukafukai, ko harafin S ja a kan shuɗiyar riga, da wuya a samu wanda zai yi jinkiri kafin ya ce Spider-Man, Batman, Superman. A ganina waɗannan ukun su ne kan gaba wajen shahara a tsakanin matasan duniya, sannan a bayansu akwai Iron Man da Captain America da Hulk da Thor da Wonder Woman da Black Panther. Ba sai an je nesa ba kafin a tabbatar da haka, domin duk wanda ya ratsa layin masu sayar da jakunkunan makaranta a lokacin da ake shirin komawa aji zai ga fuskar Spider-Man a kan jaka da gorar ruwa da takalmi da akwatin fensir, kuma zai ga yaron da bai iya karanta sunansa ba yana jan hannun mahaifiyarsa yana nuna wadda yake so. Abin da nake so mu tattauna shi ne yadda aka yi muka san su har haka, domin wanda bai san dalilin da ya sa yake son abu ba, wani ne yake zaɓar masa.

Dukkan waɗannan jarumai an ƙirƙire su ne a Amurka, a cikin mujallun labaran zane masu arha da ake sayar wa yara. Superman ya fara fitowa a 1938, Batman a 1939, Captain America da Wonder Woman a 1941, Spider-Man da Hulk da Thor a 1962, Iron Man a 1963, Black Panther kuwa a 1966. Wato mafi ƙuruciya a cikinsu ya girmi iyayen da yawa daga cikinku, kuma tsawon waɗannan shekaru ana ta maimaita su a rediyo da talabijin da silima da wasannin kwamfuta ba tare da an bar idon jama'a ya huta ba. Kowannensu kuma ya fito ne da buƙatar zamaninsa. Bangon mujallar farko ta Captain America ya nuna shi yana naushin Hitler watanni kafin Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu, sanye da riga mai launin tutar ƙasarsa, saboda haka duk wanda ya sa rigarsa a yau ya sani cewa tallar kishin wata ƙasa ce yake ɗauke da ita a ƙirji, ko ya yi niyya ko bai yi ba.

Labarin Iron Man ya fi kowane nuna cewa shahara aba ce da ake ginawa da kuɗi. Kamfanin Marvel, mai buga mujallun Iron Man da Spider-Man, ya durƙushe a 1996 har ya nemi kariyar kotu daga masu binsa bashi, kuma a cikin waɗannan shekaru ya sayar da haƙƙin yin fim da fitattun jarumansa: Spider-Man ya koma hannun Sony, X-Men kuma hannun Fox. Da kamfanin ya tashi yin fina-finai da kansa, sai ya duba abin da ya rage masa ya ɗauko Iron Man, wanda a lokacin masu karanta mujallun zane ne suka fi saninsa. Fim ɗin ya fito a 2008 ya samu karɓuwa, a 2009 kamfanin Disney ya sayi Marvel a kan kusan dala biliyan 4, kuma kafin shekara goma ta cika sunan da ba kowa ya sani ba ya zama abin da yara ke kira a tsakar gida. Fim ɗin Avengers na 2019, wanda ya haɗa Iron Man da sauran jaruman Marvel, shi kaɗai ya tara kusan dala biliyan 2.8 a gidajen silima. Halin Iron Man bai canja ya zama mafi kyau ba tsakanin 2007 da 2019. Abin da ya ƙaru shi ne yawan allunan talla da yawan fina-finai da yawan kayan wasa da aka buga hotonsa a kai. Saboda haka idan abokinka ya kafa maka hujja da cewa wane ne jarumin da kowa ya sani, ka gane cewa ya gaya maka wanda aka fi kashe wa kuɗi ne, amma bai gaya maka wanda ya cancanci ka yi koyi da shi ba.

Ba ina cewa babu abin kirki a cikinsu ba ne, kuma adalci ya sa dole in faɗi dalilin da ya sa nake ganin Spider-Man ya cancanci wani ɓangare na son da matasa ke masa. Stan Lee da Steve Ditko, waɗanda suka ƙirƙire shi, sun yi abin da ba a saba ba a lokacin, suka mai da matashi ɗan makaranta babban jarumin labari. Peter Parker, wato ainihin sunan Spider-Man, maraya ne da ke hannun kawunsa da matar kawun, talaka ne da kuɗin haya ke damunsa, kuma abokan karatu suna masa ba'a. Da ya samu ƙarfi, abin da ya fara yi shi ne neman kuɗi da suna, har ɓarawo ya wuce ta gabansa ya ƙi tare shi saboda yana ganin ba ruwansa, sai ga shi ɓarawon nan ne ya kashe kawunsa. Wannan darasi ne mai nauyi, kuma mu ba baƙo ba ne a wurinmu, domin ya tabbata a hadisi cewa kowannenmu makiyayi ne kuma za a tambaye shi game da abin da aka ba shi kiwo. Abin baƙin ciki shi ne da yawa daga cikin masu sa rigarsa tsalle-tsallen kan benaye kawai suka riƙe, ba su riƙe nadamar da ta gyara shi ba.

Akwai wani abu da ya fi damuna, kuma ina roƙon ku tsaya ku yi tunani a kansa da kyau. Kusan dukkan waɗannan labarai an gina su ne a kan mutum ɗaya da ya rufe fuskarsa, ya yanke hukunci shi kaɗai cewa wane mai laifi ne, sannan ya hukunta shi da hannunsa ba tare da alƙali ko shaida ba. Batman shi ne babban misali: attajiri ne da aka kashe iyayensa a gabansa yana yaro, ya girma yana fita da dare yana karya ƙasusuwan waɗanda yake zargi. A cikin fim wannan yana da daɗin kallo saboda marubucin ya riga ya nuna maka laifin mugun, ya tabbatar maka cewa wanda ake duka shi ne ya aikata, kuma ya shirya labarin ta yadda jarumi ba zai yi kuskuren da ba ya gyaruwa ba. A kan titi babu marubucin da ya shirya komai. Idan aka yi ihun ɓarawo a kasuwa, aka ga mutum yana gudu, waɗanda suka fara ɗaga sanda ba su san ko shi ne ɓarawon ba, ko shi ne aka yi wa satar, ko kuwa baƙo ne da tsoro ya sa shi gudu. An sha rasa rayukan bayin Allah ta wannan hanya a garuruwanmu, kuma galibi matasa ne ke kan gaba, kowannensu yana jin cewa aikin jarumta yake yi. Ban ɗora wa fim alhakin ɗaukar doka a hannu ba, domin matsalar ta girmi silima, amma zuciyar da ta saba ganin duka a matsayin maganin kowace matsala tana saurin yarda idan shaiɗan ya raɗa mata. Shari'armu ta ɗora wa mai ƙara kawo hujja, kuma ta bar hukunci a hannun hukuma, saboda ta san cewa fushin taro ba ya bambance mai gaskiya da mai laifi.

Haka nan Hulk, wanda ƙarfinsa ke ƙaruwa gwargwadon fushinsa, yana koyar da akasin abin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya koya mana, cewa mai ƙarfi na gaskiya shi ne wanda ke mallakar kansa lokacin fushi, ba mai kayar da mutane a kokawa ba. Captain America kuwa ramammen saurayi ne da aka yi wa allura ya wayi gari ƙato, kuma ina jin tsoron wannan tunani a zamanin da wasu samari ke neman ƙarfin jiki da ƙarfin hali a cikin ƙwaya da kwalba. Thor an ɗauko shi ne daga abin bautar mutanen arewacin Turai na dā, Wonder Woman kuma daga labaran gumakan Girkawa, kuma ya kamata babba ya iya yi wa ƙaninsa bayanin wannan a lokacin da suke kallo tare, maimakon ya bar shi ya haɗiye komai.

Black Panther yana da matsayi na musamman a zuciyar matasan Afirka, kuma na fahimci dalili. Fim ɗin 2018 ya tara fiye da dala biliyan 1.3, ya nuna baƙar fata a matsayin sarakuna da masana, kuma ya sa mutane da yawa sun ɗaga kai. Sai dai Wakanda, ƙasar da yake sarauta a labarin, ba ta cikin taswira. A farkon fim ɗin akwai wurin da aka nuna jarumin ya dira a dajin Sambisa ya ceto matan da aka sace a cikin 'yan mintuna, alhali a zahiri 'yan matan Chibok 276 da aka sace a watan Afrilun 2014 an yi shekaru ana fafutukar dawo da su, kuma wasunsu har yanzu iyayensu na jira. Wanda ya kalli wannan wuri ya ji sanyi a ransa ya tuna cewa sanyin na allo ne kawai. Idan kuna neman abin koyi a tattare da fim ɗin, ku dubi Chadwick Boseman, ɗan wasan da ya fito a matsayin Black Panther, wanda aka gano yana da ciwon dajin hanji tun 2016, ya ci gaba da aikinsa cikin haƙuri ba tare da ya tallata ciwonsa ba, har ya rasu a watan Agustan 2020 yana da shekara 43.

Sannan akwai mutanen da suka riƙe alƙalami suka zana waɗannan jarumai, waɗanda kusan babu matashin da ya san sunansu. Jerry Siegel da Joe Shuster samari ne daga birnin Cleveland, 'ya'yan baƙin da suka yi ƙaura zuwa Amurka, kuma su ne suka ƙirƙiri Superman. A 1938 suka sayar da labarin farko tare da dukkan haƙƙin mallakarsa a kan dala 130. Kamfani ya yi ta kwasar miliyoyi, su kuwa suka shiga ƙunci, Shuster idanunsa suka yi rauni ƙwarai, kuma sai a 1975 aka amince a riƙa ba kowannensu dala 20,000 a shekara tare da mayar da sunayensu a kan aikin. A 2024 an sayar da kwafi ɗaya tak na waccan mujalla ta 1938 a kan dala miliyan 6. Bill Finger, wanda ya tsara abubuwa da yawa da aka san Batman da su, ya rasu a 1974 cikin talauci, kuma sai a 2015 aka fara rubuta sunansa a hukumance kusa da na Bob Kane, wanda shi kaɗai aka daɗe ana ba wa yabon ƙirƙirar Batman. Wannan shi ne kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Na kawo labarinsu ne saboda na san a cikinku akwai masu cika bayan littafin lissafi da zanen Spider-Man, kuma wasunku hannunsu ya faɗa sosai. Kada ku tsaya a kwaikwayon abin da wasu suka riga suka mallaka, wanda ba za ku taɓa iya sayarwa da sunanku ba. A Legas an kafa kamfanin Comic Republic a 2013 yana fitar da jarumai 'yan Najeriya, kuma Roye Okupe ya ƙirƙiri Malika, jarumar da ya gina a kan tarihin Sarauniya Amina ta Zazzau, wato labarin da ke ƙofar gidanmu wani ne ya riga mu ganin darajarsa, kuma ya kyauta da ya yi. Muna da Bayajidda da rijiyar Kusugu, muna da Gizo da Ƙoƙi, muna da tarihin ganuwa da fatake da mahaya dawaki da ba a taɓa zana shi yadda ya kamata ba. Duk wanda Allah ya ba baiwar zane ko tsara labari ya nemi ilimin abin da gaske, ya karanta tarihin da zai zana daga bakin masana, ya adana ainihin zanensa da kwanan watan da ya yi shi, kuma ranar da wani kamfani ya miƙo masa takarda, ya kai wa lauya ko wani babba mai fahimta ya karanta masa sharaɗin mallaka kafin ya sa hannu.