Bakina ya ce na yafe, zuciyata ba ta ji ba

'Yan'uwa cikin Almasihu, salama. Jiya Lahadi yarinya 'yar shekara 7 ta kunyata ni, har yanzu jikina bai dawo daidai ba.

Mu Zumuntar Mata ne muka yi waƙa kafin wa'azi. Mun sha anko, mai tulu tana bugawa har ƙasa na amsawa, masu caki na biye da ita. Waƙar kuwa ta gafara ce, cewa kamar yadda Ubangiji ya yafe mana, haka mu ma muka yafe wa 'yan'uwanmu. Ni ce ma mai bayarwa, sauran mata suna amshi. Aka yi tafi, aka rangaɗa guɗa, na koma kujera kaina ya yi girma. Da aka tashi muna hanyar gida, sai autata ta ja mini zani ta ce, "Mama, ba ke kika ce kin yafe ba? To me ya sa ba ki gaida Maman 'yan biyu ba?"

Wata 8 ke nan muna gaba da baiwar Allahn nan, a kan kuɗin adashe. A layi ɗaya muke tsayawa fa, kafaɗarta na gugar tawa. Duk Alhamis tare muke koyon waƙa, in ta kauce wa murya sai in ji sanyi a raina. Ubangiji ya yi mini jinƙai.

Daren jiya barci ya ƙi zuwa, sai na fara bin waƙoƙinmu ɗaya bayan ɗaya, kalma bayan kalma. Tsoro ya kama ni. Ashe abin da ba za mu iya tsayawa gaban ikilisiya mu faɗa da baki ba, shi muke rerawa ido rufe, hannu sama. Mukan rera cewa mun ba shi dukan abin da muka mallaka, in aka zo baiko kuma sai mu lalubo tsohuwar naira 50 wadda mai kayan miya ta ƙi karɓa. Mukan rera cewa duk inda ya aike mu za mu je, amma ranar fita bishara ƙauyen da ke bayan gari, ranar ce ciwon gwiwa ke tashi. Mukan rera cewa shi kaɗai ne madogararmu, alhali akwai ƙullin magani a ƙarƙashin katifa. Wa muke yi wa wayo?

Ku buɗe Amos 5:23. Mutanen Isra'ila na wancan zamani ba su rasa gwanayen kiɗa ba, ba su fasa idodi ba. Amma Allah ya aiko makiyayi daga Tekowa ya gaya musu su kawar masa da hayaniyar waƙoƙinsu, ba zai saurari kiɗansu ba. Hayaniya fa ya kira ta! Domin bakin da ke yabo a wurin sujada, shi ne ke danne matalauci a ƙofar gari.

Kada wani ya ɗauka ina sukar kiɗa ne. Ina! Dawuda ya keɓe Lawiyawa 4,000 domin yabon Ubangiji da kayan kiɗa, a cikinsu akwai horarrun mawaƙa 288. Zabura 150 muke da su. Yesu kansa, a daren da za a bashe shi, sai da ya yi waƙa da almajiransa kafin su fita zuwa Dutsen Zaitun. Bulus da Sila, bayansu duk tsagar bulala, ƙafafu a turu, suka rera yabo da tsakar dare a kurkukun Filibi, ba ganga, ba lasifika, ba mai ɗaukar su a waya. Bulus ɗin nan ne kuma ya ce zai yi waƙa da ruhu, zai kuma yi da hankali. Hankalin nan muka bari a gida.

Ku kuma samarin da ke kan ganga da jita, 'ya'yana ne ku, dole in faɗa muku: kuna gama kiɗa sai ku sulale gindin mangwaro kuna latsa waya har Fasto ya gama wa'azi. Wa kuka yi wa kiɗan?

Abin da ya ƙarasa ni shi ne Matiyu 5:23-24. In ka kawo baiko gaban bagade ka tuna akwai wata a ƙasa tsakaninka da ɗan'uwanka, ka ajiye, ka je ku shirya tukuna. Ibraniyawa 13:15 kuma ta kira yabon bakinmu hadaya. Ke nan wata 8 ina miƙa wa Allah hadayar da ya ce in ajiye, ana tafa mini.

Ina roƙonku saboda Allah, kafin Lahadi mai zuwa ku ɗauki waƙa ɗaya tak, ku karanta ta ba kiɗa, a hankali, ku ga ko za ku iya sa hannu a kanta. 'Yar'uwa, ke da ke gaba da wata a ƙungiya, kada ki jira yaro ya ja miki zani.

Ni dai da yamman nan zan je gidan Maman 'yan biyu. Ƙafata ta yi nauyi. Ku sa ni a addu'a.