Ba Kowane Dogo Ne Ake Girkewa Ƙarƙashin Kwando Ba

Mutane da yawa sun ɗauka cewa a ƙwallon kwando, da zarar yaro ya haura mita 2 a tsawo, aikinsa kawai ya tsaya ƙarƙashin kwando yana tare ƙwallo. A jami'o'in Amurka abin ba haka yake ba yanzu. Dogon da kociyoyi ke rububinsa shi ne wanda zai iya wasa a gefe: ya ja ƙwallo da kansa, ya jefa daga bayan layin maki uku, kuma idan aka yi musayar tsaro, wato masu tsaro suka canja waɗanda suke gadi, ya riƙe gajere mai sauri ba tare da an bar shi a baya ba.

Dubi Kevin Durant a Jami'ar Texas, kakar 2006 zuwa 2007. Siriri ne kamar sillen kara, har a gwajin shiga NBA, babbar gasar ƙwararrun 'yan ƙwallon kwando ta Amurka, ya kasa ɗaga ƙarfe mai nauyin kilo 84 ko sau ɗaya. Amma koci Rick Barnes bai ɗaure shi a ƙarƙashin kwando ba, ya sakar masa mara. Ya riƙa cin maki kusan 26 a kowane wasa, ya zama ɗan ajin farko na farko da ya lashe kyautar Naismith, wadda ake bai wa gwarzon ɗan wasan ƙwallon kwando na jami'o'in Amurka a kowace shekara.

Shi ya sa mai farautar 'yan wasa idan ya je kallo, ƙafafu yake fara dubawa, yadda yaro ke zamewa gefe da gefe, sannan tsawon hannuwa. Tsoka kuwa mai sauƙi ce, ɗakin motsa jiki zai ƙara ta daga baya.