Lissafin haruffa ba ya tona asirin kowa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai wasu bidiyoyi daga Amurka da ke yawo a wayoyinmu, inda ake mayar da sunayen 'yan wasan besbol, wato wasan buga ƙwallo da sanda, zuwa lambobi, a ce wai an gano suna cikin ƙungiyar asiri ta Firimason, ko an yi tsafi da wanda ya rasu a cikinsu. Suna kiran abin gematariya. Mu ji tsoron Allah kafin mu tura wa wani, domin wanda ya san yadda ake ƙulla lissafin ba zai ruɗu ba.

Ga yadda suke yi. Ma'auni na farko, A ɗaya ce, B biyu, har Z 26. Na biyu a juya, Z ta zama ɗaya, A ta zama 26. Na uku a matse kowace lamba ta koma ƙwaya ɗaya, kamar S mai 19 ta koma 10, ta koma 1. Na huɗu a juya sannan a matse. Manhajojinsu na ɗauke da wasu ma'aunan da dama bayan waɗannan.

Ɗauki kalmar BASEBALL. A ma'auni na farko 54 ce, a na uku 18, a na biyu 162. Nan suke tsalle, domin kowace ƙungiya a babbar gasar Amurka wasa 162 take bugawa a kaka. Amma fa kafin 1961 wasa 154 ake bugawa: ƙungiyoyi takwas a rukuni, kowace ta kara da sauran bakwai sau 22. Da aka ƙara su suka zama goma, kowace ta kara da tara sau 18, shi ne 162. Sunan wasan bai canja ba duk tsawon shekarun da ake buga wasa 154 ɗin, to ina asirin ya ɓuya a lokacin? Kuma me ya sa aka jefar da 54 da 18?

Matsalar ke nan. Mai lissafin yana fara riƙe amsar da yake so, kamar 33, lambar wata babbar daraja a Firimason, sannan ya nemi hanyar zuwa gare ta. In suna bai ba shi ba ya gwada laƙabi, ko lambar riga, ko ranar haihuwa, ko sunan gari. Abin da ya dace ya nuna maka, ɗaruruwan da suka saɓa ya yi shiru. Ko hisabin abajada da malamanmu suka sani ba ɗaya ba ne: harafin sadi 60 ne a tsarin Magariba, 90 a na Gabas.

Gaskiya ne wasu tsofaffin 'yan wasa irin su Ty Cobb sun shiga Firimason. Wannan tarihi ne ya rubuta shi, ba lissafi ya tono ba.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ɓangaren addini. Allah Ya ce a Suratul Isra'i aya ta 36 kada ka bi abin da ba ka da ilimi a kansa, ji da gani da zuciya duk abin tambaya ne. Jingina wa mutum kisa ko tsafi babu hujja ƙazafi ne, ko da ba musulmi ba ne. Sannan da yawansu daga nan suke zarcewa faɗin wanda zai ci wasan gobe, suna sayar wa 'yan caca. Wannan da'awar sanin gaibu ce, alhali Suratun Namli aya ta 65 ta ce babu mai sanin gaibu sai Allah. Muslim ya ruwaito cewa wanda ya je wa ɗan duba ya tambaye shi wani abu, ba a karɓar sallarsa dare arba'in.

In irin wannan bidiyo ya zo maka, tambayi wanda ya turo: ma'auni nawa aka gwada, kuma an faɗi amsar kafin abin ya faru ko bayansa? In kai ma ka taɓa yaɗawa, ka goge, ka koma zauren da ka tura ka faɗa musu babu hujja a ciki, ka nemi gafarar Allah.