Takardar haya na canza hannu, kogon gishiri na nan daram

Ranar 3 ga Agustan 2012 ƙasa ta rufta a fadamar da ke kusa da Bayou Corne, wani ƙaramin ƙauye a jihar Louisiana ta Amurka. Manyan itatuwa suka riƙa nutsewa a tsaye, aka umarci mutum kusan 350 su bar gidajensu. Tun makonni kafin nan mazauna wurin ke ganin gas yana ɓuɓɓugowa daga cikin ruwa, ƙasa kuma tana motsi.

Kogon da haƙar gishiri ta bari a ƙarƙashin ƙasa ne ya rufta. Irin wannan haƙar gishiri ba mai shiga rami da diga. Rijiya ake haƙawa kamar ta burtsatse, a tura ruwa ya narkar da dutsen gishiri, a zuƙo ruwan gishirin zuwa masana'antar sinadarin kulorin. Abin da ke saura a ƙasa kogo ne da ido bai taɓa gani ba. Sai dai a zura na'ura ta auna faɗinsa da amon sauti, a riƙa duba matsin ruwan da ke ciki, a kafa na'urorin jin motsin ƙasa. Wanda bai riƙe waɗannan alƙaluma na shekaru ba, bai san abin da ya saya ba.

Kamfanin Texas Brine ya haƙa rijiyar Bayou Corne a 1982, dab da gefen babban curin gishirin ƙarƙashin ƙasa na Napoleonville, kuma bangon gefen kogon ne ya karye. Ƙasar ta kamfanin Occidental ce. Kamfanin Vulcan, mai karɓar ruwan gishirin, ya sayar wa Occidental harkarsa ta sinadarai a 2005. An toshe rijiyar a 2011 bayan ta faɗi gwajin inganci. Da abin ya faru, kowa ya nuna ɗan'uwansa, aka yi shekaru a kotu kafin a raba laifin tsakanin kamfanonin uku.

A ganina, bai kamata hukuma ta sa hannu kan sauya hayar irin wannan wuri ba sai an yi sabon awon kogon, an miƙa duk tsofaffin bayanai ga mai saye da hukumar kanta, an kuma ajiye kuɗin jingina da zai isa cike ramin. Mai sayarwa ma kada ya kaɗe riga ya tafi.

Za a ce wannan zai kashe ciniki. To, a dubi Carlsbad a jihar New Mexico. An rufe rijiyar gishirin kamfanin I&W a 2008, shekarar da wasu rijiyoyi biyu irinta suka rufta a yankin, kamfanin ya karye a 2010, ya bar kogo a ƙarƙashin mahaɗar manyan tituna, kusa da magudanar noman rani. Jama'a ne suka biya miliyoyin daloli daga baitulmali aka cike shi da yashi da siminti.

Louisiana ta tsaurara dokokinta a 2014, lokacin da mafi yawan mutanen Bayou Corne ke karɓar diyya suna barin ƙauyen.